Kik ɗin Hiace mai dizal: na Baljam ko sabo na kwali?

Ɗan'uwa, ka ce Hiace ɗinka mai injin 5L in ka murɗa makulli da safe sai ka ji "ƙas" ɗaya shiru, kuma kana tambaya wanne ya fi, kik na Baljam ko sabo na kwali mai araha.

Kafin ka nufi Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, a sa mita a kan batir. Cikakke yana nuna 12.6V, kuma lokacin da ake tayarwa bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6V ba. A duba kan batir da wayar nagatif da ke ɗaure a jikin inji. Dizal na matse iska sosai, na 5L ya kai wajen 22:1, shi ya sa ɗan tsatsa a kan waya kan hana shi juyawa, musamman da sanyin hunturu.

Idan kik ɗin ne, ga bambancin. Na Baljam, in asalin Denso ne, kwayil ɗinsa jan ƙarfe ne mai kauri, yana jure zafi. Abin da ke mutuwa a cikinsa sananne ne: burushi, da ƙananan jan ƙarfe biyu na cikin solonoid (makunnin da ke ba kik wuta) da wuta ke cinyewa. Su ne ma suka fi kawo wannan "ƙas" ɗin, kuma mai wayarin zai canza su ba tare da an taɓa sauran ba. Aibin na Baljam, ba ka san wahalar da ya sha ba. Sabo mai araha yana ƙyalli, yana tashi da ƙarfi a farko, amma da yawa wayar cikinsu siririya ce, bendis ɗin kuma, wato ƙaramin giya mai haƙora da ke juya inji, kan fara zamewa: ka ji kik na gudu "wiii" inji bai motsa ba. Ga motar haya da ake kashewa ana tayarwa daga Kawo zuwa Sabo, ni na Baljam zan zaɓa, da sharaɗin a buɗe shi a gabanka a ga burushi. Gwajin da ake ajiye kik a ƙasa a haɗa shi da batir ba ya isa, domin babu nauyi a kansa.

Ko wanne ka ɗauka, tafi da tsohon kik ɗinka. A jera su, a ƙirga haƙoran bendis, a gwada ramukan noti da tsawon hanci. A tabbata 12V ne, don na Canter galibi 24V ne.

Wajen ɗaurawa, nagatif ɗin batir ake fara cirewa. Babbar wayar kik kullum da wuta take, sifana na taɓa ta da ƙarfe sai tartsatsi. A leƙa ramin da tocila a duba haƙoran filawil, babban faifan inji da bendis ke kamawa, in sun gutsure za su cinye sabon bendis. A goge mazaunin kik da samfefa, ta nan nagatif ke bi. A fara notin mazauni da hannu kafin a ɗaure su tamau, sannan babbar waya, sai ƙaramar ta makulli. Notin babbar waya kada a yi masa ƙarfin tuwo, murfin solonoid na tsagewa.

Da an gama, a jira fitilar hita ta mutu sannan a tayar. Kada a wuce sakan 15 ana riƙe da makulli, a bar shi ya huce kamar minti ɗaya kafin a sake.