Wata huɗu ina auna ramukan noti da ImageJ a shagon Kawu

Ramin noti ba shi da tsakiyar da za ka ɗora wa tef, iska ce kawai a wurin. Duk wanda ya taɓa yanka farantin da injin niƙa ko janareto zai zauna a kai ya san wannan ciwon kai: tazarar da ake so daga tsakiyar rami ce zuwa tsakiyar rami, kai kuwa gefe kaɗai kake iya taɓawa. Kawuna, wanda nake aiki a shagonsa na walda a unguwar Dilimi a Jos, yana da dabararsa. Yakan auna daga gefen hagu na wannan rami zuwa gefen hagu na wancan. Tana ci idan faɗin ramukan ɗaya ne. Idan kuwa sun cinye sun koma kamar ƙwai, sai ƙiyasi da addu'a.

Da farko wata manhajar waya na gwada, irin wadda kake nuna wa abu kyamara ta ba ka tsawonsa. Faranti ɗaya, awo uku, amsa uku. Na goge ta a ranar.

Wani abokina da ya karanta kimiyyar tsirrai ne ya nuna mini ImageJ, wata manhajar kwamfuta mai awo daga hoto, wai da ita suke auna faɗin ganye. Asalinta ma ba ta maƙera ba ce. Wayne Rasband ne ya rubuta ta a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ta fito a 1997, don masu duba ƙwayoyin halitta. Kyauta ce, ba rajista, kuma da zarar ka sauke ta ba ta ƙara cin data. Tsohuwar kwamfutata da ke nishi idan na buɗe shafuka uku a intanet tana ɗaukarta ba gardama.

Aikinta ƙidayar ɗigo ne. Kowane hoto ɗigogi ne jere, waɗanda ake kira fiksel. Sai ka sa wani abu da ka san tsawonsa a cikin hoton, ka ja layi a kansa, ka shiga inda aka rubuta Set Scale ka gaya mata tsawon. Ni tsohon katin cirar kuɗi nake sawa, don girmansu ɗaya ne a ko'ina, milimita 85.6 a tsawo. Daga nan duk layin da ka ja tsakanin wurare biyu za ta ba ka shi a milimita. Hoton waya mai fiksel 4000 a faɗi, idan ya ɗauki santimita 40, kowane ɗigo ya zama kashi ɗaya cikin goma na milimita. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai na nemi tsakiyar rami da ido ba. Idan na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin faranti, ramukan suka fito fari fat, manhajar takan ware su ta ba ni tsakiyar kowane ɗaya a lambobi biyu. Sauran lissafin Fitagoras ne na sakandare, wanda na rantse a lokacin ba zai taɓa yi mini amfani ba.

Awona na farko kunya ya ba ni, kuma laifina ne. Ramuka biyu da Kawu ya san milimita 180 ne tsakaninsu, ni na fito da kusan 184.

"Kawu, kwamfuta fa ta ce 184."

"To ka gaishe ta, ɗana. Miƙo mini tef."

Kwana biyu ina juya abin kafin na gane. Katin a kan teburi na ajiye shi, farantin kuwa kaurinsa milimita 10, wayar tana sama da teburin da santimita 50. Fuskar farantin ta fi katin kusa da kyamara da kashi 2 cikin 100, don haka komai a kanta ya kumbura da kashi 2 cikin 100. Ga milimita huɗun nan. Manhajar ba ta san zurfi ba, ɗigon da aka ba ta take ƙirgawa. Da na ɗora katin a kan farantin, na ɗaga wayar sama sosai, na daidaita ta kada ta karkace, na kuma sa farantin a tsakiyar hoto saboda gilashin kyamara yakan lanƙwasa layi a gefe-gefe, sai bambancina da tef ya sauko ƙasa da rabin milimita. A masana'antu akwai gilashin kyamara na musamman da ke kawar da wannan kumburi, amma ba na aljihun ɗan Dilimi ba ne.

Haske ma da nasa. Ranar tsaka tana jefa inuwa cikin rami, tsakiyar ta goce. A inuwar rumfa nake ɗauka yanzu. Idan kuma kwastoma zai turo hoto daga Bukuru ko Mangu ta WhatsApp, nakan ce ya turo shi a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana rage ɗigogin.

Ga abu mara kauri kamar gaskit, wanda ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo, ban ma ƙara ɗaukar waya ba. Nakan goge shi tas in kai shagon kwafi a Taminus a yi mini sikan a ɗigo 600 kowane inci. Inci milimita 25.4 ne, ma'aunin ya zo da kansa ke nan, ba kati ba komai.

Fuskar manhajar ba ta da ado, ƴar siririyar taga ce mai maɓallai, kuma komai da Turanci yake. Mai ramuka biyu kacal ya riƙe tef ɗinsa, ya fi sauri. Amma faranti mai ramuka takwas ko goma sha biyu, ko tsohon ƙarfen da ba a samun irinsa a kasuwa, a nan take biyan wahalarta. Makon jiya wani mai injin markaɗe ya kawo faranti da ya tsage, ramuka shida, biyu sun cinye. Kawu ya juya shi, ya sake juyawa, ya ajiye a kan farar takarda da kansa.

"Ɗauko katin naka," in ji shi. Tef ɗin yana rataye a wuyansa.