Tukunyar sannu ko ta matsi: wacce za ki saya don farfesun naman sa?

Uwargida, kafin ki tambayi farashi, fara ƙirga awa nawa wuta ke yi a unguwarku ba a ɗauke ba. Daga nan zaɓin zai fito.

Tukunyar sannu, wato ta lantarki mai dahuwa a hankali, wadda aka fi sani da Crock-Pot tun da kamfanin Rival ya fito da ita a Amurka a 1971, don gidan da wuta ba ta ƙiftawa aka yi ta. Kasko ne na tangaran a cikin gidan ƙarfe, zafinsa bai cika kaiwa tafasa sosai ba. A ƙaramin zafi farfesu na son kamar awa 8, a babba 4 zuwa 5. Dankalin turawa da karas su ake jerawa a ƙasa, don a irin wannan zafi sun fi nama taurin kai. Sai nama, albasa, tattasai, citta da masoro, ruwa ɗan kaɗan tunda ba ƙonewa yake ba, ki rufe ki tafi harkarki. Kabeji ya jira awar ƙarshe.

Abin da take yi wa naman ƙwauri, wuya ko jelar sa kuwa, sai wanda ya ɗanɗana. Jijiyar nan mai gagarar haƙori narkewa take, romo ya yi kauri har yana manne wa leɓe. Amma kar ki sa mahauci ya yanko miki tsoka zalla, bushewa za ta yi ta koma zare-zare.

To, a ce an ɗauke wuta da hantsi, ba kowa a gida. Naman zai wuni a ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so, tsakanin digiri 5 da 60, kuma ko wuta ta dawo da la'asar, ni dai ba zan ba yara shi ba. Shi ya sa nake ganin masu sola ne suka fi cin moriyarta: wat 200 zuwa 300 take ja, kuma da rana take aikinta. 'Yan rukunin Band A da aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, su suka san yadda alƙawarin ke cika a layinsu.

Tukunyar matsi ta kan gas, wadda 'yan kasuwa ke kira fresha kuka, ba ruwanta da NEPA. Tururin da ta kulle yana kai zafi wajen digiri 120, naman da zai cinye miki awa uku a tukunyar gida ya yi laushi cikin minti 40 ko makamancin haka. Sai dai tana son a tsaya a kanta, kuma kayan lambu sai an sauke, tururi ya fita, a zuba su a sake ɗorawa. In ba haka ba dankalin ya zama fate. Ga mafi yawan gidajenmu, ita zan saya. Ki duba robar murfin, ki tabbatar ana samun irinta a kasuwa, don ita ce ke fara mutuwa.

Akwai masu haɗa aikin biyu, irin su Instant Pot. Suna da tsada, kuma wajen wat 1,000 suke ja, ƙaramar inbata ba za ta ji daɗi ba.

Girma kuma: lita 3.5 ta mutum biyu zuwa uku ce, gida mai yara sai lita 6.

In a gwanjo za ki sayi mai lantarki, kifa ta ki karanta 'yar takardar da ke manne a gindinta. In kin ga 120V, kayan Amurka ce, wutarmu kuwa 230 ce. Kina jona ta za ki ji ƙauri. Ki kuma ɗaga kaskon zuwa haske, ki bi cikinsa da farce ko akwai tsaga.