Romin ko layin Saudiyya? Sayi na can

Alhaji, Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi Umara. Kan tambayarka, tsakanin barin layinka na Najeriya a kan romin (wato ya ci gaba da aiki a ƙasar waje) da sayen layin Saudiyya, sayi na can, kada ka tsaya dogon lissafi.

Da kun sauka Jidda ko Madina za ka ga kantunan STC, Mobily da Zain tun a filin jirgi, akwai su kuma a kewayen Harami. Za su duba fasfo da biza, ka dangwala yatsa, su sa layin a wayarka. Kada ka bar wurin sai ka ga intanet ta hau kuma kira ya shiga. Suna da tsari na baƙi, data da mintunan kira a haɗe, ka biya da riyal sau ɗaya ka san iyakar abin da ka kashe. Lambar da 05 take farawa, masu kiranka daga Legas sai su cire sifilin su sa +966. Ka tuna wa iyali a Agege cewa can suna gabanmu da awa biyu.

Ni ba arhar ce ma ta fi ɗaukar hankalina ba. Da na raka gwaggona, tsohuwa ce, 'yar ƙaramar waya mai madannai gare ta, na saya mata layin can na ajiye lambata a farkon jerin sunaye. Wani dare bayan isha'i cunkoso ya raba mu, ta bi ayarin mata ta fita ta wata ƙofa daban, ƙofofin Harami kuwa a idon baƙo duk iri ɗaya ne. Sai ga kiranta. Ta miƙa wa wani ma'aikaci wayar, ya faɗa mini lambar ƙofar. Na iske ta zaune gefe da gorar zamzam a cinya, tana jan carbi, ko gezau. Wallahi har yau in na tuna sai na gode wa Allah. In kana tafe da dattijo, fara saya masa kafin naka.

Ban da wannan, direba, mai masauki, jagoran tawaga, duk lambar can suke kira, ba wanda zai ƙona kuɗinsa a kan +234. Manhajar Nusuk da ake neman izinin shiga Rauda da ita ma data take so, haka taswira in ka ɓata hanyar otal.

Romin dai yana aiki, iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Ka kira a caje ka, a kira ka ka ɗaga a caje ka, waya kuma tana zuƙar data a ɓoye ko tana aljihu. Amfaninsa ɗaya ne: saƙon banki. Don haka kada ka cire layin gida, bar shi a rami na biyu, ka kashe masa data, kada ka ɗaga kira da shi. Alat da lambar sirri za su ci gaba da shigowa. Tun kana Legas ka tabbatar an buɗe masa romin, an haɗa shi da NIN, kuma manhajar bankinka tana aiki, don lambobin tura kuɗi masu tauraro sau da yawa ba sa tafiya a waje. WhatsApp ɗinka zai zauna a kan lambar Najeriya, ko ka sa sabon layi kada ka sauya, abokan cinikinka na Mile 12 su same ka inda suka saba.

Akwai kuma eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba. Yawancinsu data ce zalla babu lambar kira, kuma ba kowace waya ke ɗauka ba. Danna *#06#, in ba ka ga EID ba, wayarka ba ta ɗaukar eSIM, bar zancen.

Sai ka yi hattara da masu tare mutane a ƙofar masauki, wasu har da Hausa za su yi maka magana, su ce ga layi an riga an yi rajista, ba sai ka bi sahu ba. Da sunan wani aka yi shi. Ana iya rufe shi kowane lokaci, kamfani kuma ba zai saurare ka ba tunda ba kai ne mai shi ba. Haka in za ka sauya waya a kasuwar waya ta Computer Village kafin tafiya: akwai wayoyin waje da aka kulle a kan kamfani ɗaya, kuma iPhone 14 zuwa sama na Amurka babu ramin layi a jikinsu sam. Wasu masu shago ba za su faɗa maka ba sai ka tambaya. Sa layi biyu na kamfanoni daban ka gwada a gabansa kafin kuɗi su bar hannunka.

In ka rasa na zaɓa, ɗauki STC, shi na riƙe daga Makka har Madina bai ba ni matsala ba. Ka tafi da allurar buɗe ramin layi a cikin jakar fasfo.