Renaissance Wax a Kan Bindigar Ƙugu: Yana Tare Tsatsar Gumi, Amma da Sharaɗi

Bindigar da ke ajiye a akwati tana iya yin shekaru tsatsa ba ta taɓa ta ba. Wadda ake sokewa a ƙugu, tsakanin wando da fata, tun safe har dare, ita ce mai shan wahala. A lokacin zafi kwanaki kaɗan sun isa a ga jajayen ɗigo sun feso a gefen da ke kallon jiki. Mai ita ya shafa mai, ya goge, bayan kwana biyu su dawo. Daga nan ake fara ba shi shawarar ya bar mai ya koma kaki, kuma sunan da aka fi ambata shi ne Renaissance Wax. Kakin yana aiki, ya fi yawancin mayuka daɗewa a bayan ƙarfe, amma ba ko'ina a jikin bindiga ba, kuma sai an share masa fage. Wanda ya shafa shi a kan gishirin gumi ya ɓata lokacinsa kawai.

Asalinsa ba kayan bindiga ba ne. A ɗakin bincike na British Museum, gidan adana kayan tarihi da ke Landan, aka haɗa shi a farkon shekarun 1950, domin kare kayan tarihi irin su takubba, sulke, tagulla da katako. Kakin zuma da na karnuba (wata bishiya ta Brazil) da ake amfani da su kafin nan suna ɗauke da asid, wanda a hankali yake taɓa abin da aka so karewa. Wannan kuwa daga ɗanyen man fetur aka tace shi, ba shi da asid, ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa yake kwanciya lif ya hana danshi wucewa. Kamfanin Picreator Enterprises na Landan ne ke yin sa, yana zuwa a gwangwani mai mililita 65 da mai 200. Ƙaramin ma ya yi wa mai bindiga ɗaya yawa, zai daɗe bai ga gindinsa ba. In ka buɗe za ka ji warin sinadarin tsinka fenti, shi ne yake riƙe kakin da laushi, yana kuma tashi cikin ɗan lokaci bayan an shafa.

Kafin a yanke wa kakin hukunci, sai an san abin da yake faɗa da shi. Kusan kashi 99 cikin 100 na gumi ruwa ne. Ragowar gishiri ne, da asid na laktik, da yuriya da makamantansu. Kulorayid ɗin da ke cikin gishirin shi ne babban maɓarnaci, domin yana huda siririn rufin da ke kare ƙarfe ya fara ci daga wuri ɗaya, shi ya sa tsatsar gumi take fitowa ɗigo-ɗigo, in an bar ta ta zama ƙananan ramuka. Yawan gishirin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, wani nasa ya ninka na wani sau da yawa. Mutum biyu za su ɗauki bindiga iri ɗaya a kube iri ɗaya, ta ɗaya tana ƙyalli, ta ɗayan ta yi ja, ba don ya fi sakaci ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne gumi yana bushewa, gishiri ba ya tafiya ko'ina. Yana nan manne a ƙarfen, kuma da zarar danshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin 100 sai ya jawo ruwa ya sake narkewa. Ƙarƙashin riga, kusa da fata, ga ɗumi ga laima, wannan sharaɗi kullum a cike yake. Gishiri kuma ba ya narkewa a mai. Wanda ya dawo gida ya goga tsumma mai mai a kan busasshen gumi, ya baza gishirin ne ya lulluɓe shi. Haka ma kaki. Yawancin masu cewa Renaissance Wax bai yi musu komai ba, a nan suka yi kuskure.

Don haka aikin yana farawa ne da wanki. A cire magazin (gidan harsasai), a ja silaid (saman bindigar da ke zamewa gaba da baya) baya, a duba ɗakin harsashi da ido da yatsa a tabbatar babu komai, a kai harsasan wani wuri daban. A kwance bindigar kwancewar tsafta ta yau da kullum, in marufan ƙota masu noti ne a cire su ma, domin ƙarƙashinsu gumi yake taruwa ba a gani. A jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi, a matse shi sosai, a goge duk bayan ƙarfen. Tsage-tsagen da ake kamawa a ja silaid sai da tsohon buroshin haƙori. A busar nan take da busasshen ƙyalle, in da na'urar busar da gashi a hura wa lunguna. Sannan a cire mai da sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, har sai farin ƙyalle ya daina ɗauko komai. Kada a kusanci asiton, yana cin fentin saiti (abin auna harbi) da adon katako da wasu robobi. Daga wannan mataki ƙarfen tsirara yake, shatin yatsa ɗaya ya isa ya bar tabo, sai a sa safar hannu ta roba.

In tsatsa ta riga ta kama, a cire ta kafin cire man. A ɗiga mai a wurin, a bar shi ya jiƙa na minti goma zuwa sha biyar, a murza a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. A kan ƙarfen sitenles, farin ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, soson tagulla ya fi, saboda na ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jiki, ɓurɓushin ya yi tsatsa, mutum ya ɗauka bindigar ce. Ruwan cire tsatsa irin Evapo-Rust, ko ruwan tsami na binega, ba su dace da bindiga mai baƙin rini ba: rinin kansa wani nau'in tsatsa ne da aka sarrafa, za su kwashe shi tare da jan, su bar ƙarfe fari fat.

Shafa kakin shi ne mafi sauƙi, kuma a nan ake zarce iyaka. Kamar kan ashana biyu ko uku ya ishi silaid gaba ɗaya. A lakata a ƙyallen auduga, a shafa siriri har ya zama da ƙyar ake ganinsa, a ba shi kamar minti ɗaya, a goge da wani ƙyallen mai tsabta. A maimaita sau biyu ko uku. Shafi mai kauri ba ya ƙara kariya, sai dai ya bushe ya yi tauri, ya bar farin dasashi a cikin rubutun da aka zana a ƙarfe da tsage-tsagen silaid. In hakan ta faru busasshen buroshi yana fitar da shi, in ya ƙi a taɓa shi da ɗan sinadarin tsinka fenti. Wuraren da suka fi buƙata su ne gefen silaid na wajen jiki, bayansa, maɓallin sakin magazin, maƙallin silaid, makullin tsaro, kan notocin ƙota, ƙarfen da ke ƙarƙashin marufan, da bayan magazin. Saitin gaba da na baya su ma kada a manta da su. A bindigogi da yawa silaid yana da rufi mai ƙarfi, saitin kuwa ƙarfe ne mai baƙin rini kawai, shi ne yake fara ja.

Bayan an gama, bambancin da mai a bayyane yake. Ƙarfen a bushe yake, ba ya shafa wa riga baƙin tabo, ba ya kwasar zaren tufafi da ƙura, shatin yatsa ba ya zama. In aka ɗiga ruwa sai ya dunƙule ya gangare. Wannan ɗigon shi ne ma'aunin da za a riƙa dubawa da shi: ranar da ruwa ya baje a wani wuri maimakon ya dunƙule, kakin wurin ya tafi. Mai mai ruwa-ruwa, irin Break-Free CLP ko Ballistol, yana kariya sosai a ranar da aka shafa, amma riga da kube suna tsotse shi cikin sa'o'i. WD-40 na asali ya fi su saurin barin wuri, aikinsa korar ruwa ne. Ballistol dai yana da wata fa'ida ta daban: yana gauraya da ruwa, don haka in aka haɗa su a goge ƙarfe, ruwan ya ɗauke gishiri, man ya rage.

Rauninsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Kakin ba man gudu ba ne. Layukan da silaid ke gudu a kai, bayan bututu, da wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe duk suna nan da buƙatar mansu, kuma tunda an wanke su da sifirit dole a mayar musu kafin a haɗa bindigar. Cikin bututu, ɗakin harsashi da ramin allurar da ke bugun harsashi ba wurinsa ba ne. Kaki ko mai da ya taru a ramin allura yana rage mata ƙarfi, a ja kunama harsashi ya ƙi tashi, wanda ya fi tsatsa muni nesa ba kusa ba. Gilashin saiti mai jan ɗigo shi ma a kauce masa. A kan ƙota mai santsi kakin yana ƙara santsi, hannu mai gumi ya kasa riƙewa da kyau, gara a tsaya ga ƙarfen da ba a kamawa. Ba ya kuma shiga lungu da kansa. Mai yana bin tsaga ya isa sifirin (murɗaɗɗiyar waya mai tsalle) da ƙananan fil ɗin ciki, kaki yana tsayawa inda aka ajiye shi. Sifirin magazin da na maɓallin sakinta sai an buɗe an duba su lokaci-lokaci, a goge da ƙyalle mai ɗan mai kaɗan, a bar cikin magazin kusan a bushe saboda harsashi.

Babban abin da ke cinye shi guga ce. Kuben roba mai tauri irin Kydex ba ya shan gumi, ana wanke shi da ruwa da sabulu, amma duk zarewa da mayarwa yana kankare kakin a gefunan silaid da bakin bututu. Kuben fata ya fi tausayin ƙarfe, sai dai yana shan gumi ya riƙe gishirin, ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka naɗe bindiga da shi. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom ta fi wadda aka jeme da ɓawon itace cutar da ƙarfe. Ko wanne ne, a zaɓi mai dogon harshe a baya wanda ya raba silaid da fata, a sa singileti a ciki, da dare kuma a zare bindigar a bar kuben ya sha iska. A lokacin zafi, mai ɗauka kullum ya sa ran sabunta kakin duk mako ko mako biyu a wuraren guga. Harbi mai yawa ma yana ɗumama silaid da bututu, ga sinadarin wankin bututu da ke narkar da kaki, don haka bayan kowane zuwa filin atisaye aikin sabo ne.

Amfanin da za a samu ya danganta da rufin da bindigar ta zo da shi. Baƙin rini na gargajiya kaurinsa bai wuce maikuron 2 ko 3 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), shi kaɗai kusan ba ya tare komai, a nan kakin ya fi nuna kansa, yana kuma fito da kyan ƙarfen. Sitenles, musamman lamba 416 da ake yawan yin sassan bindiga da shi, yana da kuromiyam kashi 12 zuwa 14, amma an ƙara masa sulfa don ya yi sauƙin yanka, wannan ya rage masa juriya ga kulorayid. Yana tsatsa, musamman wanda aka yi wa feshin yashi ya zama garje-garje, kuma kakin yana taimaka masa sosai. Rufin fosfet na bindigogin soja an yi shi da ƙananan ƙofofi don ya sha mai ya riƙe, shi mai ko giris ya fi dacewa da shi, kaki yakan bar masa fari-fari. Silaid da aka dafa da naitirojin, irin aikin Melonite da na Tenifer wanda kamfanin bindigogi na Glock ya yi suna da shi, ba ya cika buƙatar komai, a kai kakin ga saiti da ƙananan sassa kawai.

Ga mai gumi na matsakaici da bindiga mai rini ko sitenles, gwangwani ɗaya da gogewar minti biyu kowane dare, jiƙaƙƙen ƙyalle sannan busasshe, sun isa su kashe matsalar. Kakin ma yana sauƙaƙa gogewar, tunda gishirin a kansa yake zama ba a kan ƙarfe ba. Mai gumi mai yawa da gishiri mai yawa, wanda agogo da kan bel ma ba sa tsira a jikinsa, kaki zai rage masa ne kawai. Shi maganinsa canza rufi: ko a dafa sassan da naitirojin, ko kurom mai tauri, ko Cerakote, fentin da ake fesawa kauri maikuron 12 zuwa 25 a gasa a tanda. Cerakote yana tare gumi ƙwarai matuƙar bai kankare ba, amma kube yana cin gefunansa a hankali, kuma inda ƙarfe ya leƙo nan tsatsa za ta koma. In ramukan tsatsa sun riga sun yi zurfin da farce ke maƙalewa a ciki, musamman a kan bututu ko kusa da ɗakin harsashi, a kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba kafin a sake harbi da ita ko a lulluɓe wurin da wani abu.