Masanin halayyar ɗan Adam ko malamin ba da shawara: wanne makaranta za ta ɗauka?

Masu makarantu sun sha tambayata: su ɗauko masanin halayyar ɗan Adam ne, ko su horar da malami ɗaya ya riƙa ba ɗalibai shawara? Tambayar tana da tushe, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa.

Wajen kuɗi babu gardama, malami ya fi sauƙi. Dama ma'aikaci ne, yara sun saba da shi. Masani kuwa albashinsa daban, samunsa ma aiki ne. Ko a Amurka, inda ƙungiyar masanan ke son masani ɗaya ga ɗalibai 500, makarantu da yawa ba su kai haka ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne sirri. Yaron da ake cin zalinsa a gida da wuya ya buɗe cikinsa ga wanda ke ba shi maki, balle in yana zargin maganar za ta zagaya ofishin malamai. Sannan akwai gwaji. Yaron da aka daɗe ana kira daƙiƙi, masani ne zai iya gano ko lalurar karatu ce ko ta rashin natsuwa. Malami, komai kirkinsa, hasashe zai yi.

Ƙaramar makaranta mai ƙaramin ƙarfi, malamin ya ishe ta, muddin an rage masa darussa kuma ya san inda zai tura abin da ya fi ƙarfinsa. Babbar makaranta, ta kwana, ko mai yaran da suka ga tashin hankali, masani take buƙata.