Gargaɗi ga mutanen Maraɗi: jikka 135 aka cinye mini da sunan yawon Yamai

Jikka 135. Duk sanda na faɗa sai zuciyata ta tafasa. Jikka 45 kowa, ni da mai ɗakina da ƙanwata, wai kwana uku a Yamai: kuɗin mota, masauki, kallon zane-zane da kayan gargajiya a gidan tarihi na Boubou Hama, da dare kuma wasan kwaikwayo a cibiyar Oumarou Ganda.

Masu cewa na yi sakaci, ku dakata. Mutumin nan da ya ce zai shirya mana tafiyar har ƙofar gidana ya zo, bayan la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma, muka sha shayi har na uku. Ya ce, "Malam, sai ka tsaya gaban itacen Tenere, wanda mota ta kaɓe a 1973, sannan za ka san ka je Yamai." Ya ambaci maƙera da dukawa masu aiki a cikin gidan tarihin, inda aka ajiye itacen. Na taɓa zuwa tun ina ɗan makaranta, na san duk gaskiya ne. To ina dalilin zargi? Da hannu biyu ya karɓi kuɗin, yana sa mini albarka. Da hannu biyu!

Ranar Juma'a bayan asuba muna tasha da jakunkuna. Ƙanwata har lalle ta sa. Muka tsaya har hantsi, mu da wasu mutum huɗu da ban sani ba, kowa na kiran lamba ɗaya, a kashe. Da tuni mun wuce Konni.

Af, jikka 60 ne na ba shi ranar shayin. Sauran 75 ranar Laraba ya kira, wai kujerun wasan za su ƙare, na tura masa ta waya. A'a, Talata ce, don daga kasuwa na fito. A Facebook na fara ganin tallarsa, yanzu shafin ya ɓace. Jikka 135, kuɗin da na tara wata biyar.

Takardar da ya buga wa hatimi tana hannuna, da saƙonninsa, da muryarsa. Na kai ƙara komisariya, gobe in sha Allah zan saka hotunan a nan.

Ku je tasha ku yanki tikitinku da kanku. In ya zo muku, dogo ne, baƙi, yana ɗauke da jakar takardu ruwan ƙasa, ku kira ni.