EDGAR: rumbun kyauta da ke nuna kwanakin da suka rage wa ƙaramin kamfanin magani

Ƙaramin kamfanin da ke neman ƙirƙiro sabon magani ba shi da abin sayarwa. Babu ciniki, babu riba, sau da yawa ko masana'anta ba shi da ita. Dukiyarsa ita ce kuɗin da ke banki, da takardar mallakar fasaha, da magani ɗaya ko biyu da ake gwadawa a jikin mutane. Wanda ya sayi hannun jarin irin wannan kamfani bisa sanarwar manema labarai kawai, cinikin biri a sama ya yi. EDGAR, rumbun takardun da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ke gudanarwa, shi ne wurin da ake sauko da birin a duba lafiyarsa.

Hukuncinmu tun daga farko: shafin ba shi da kyan gani, ba ya yi wa kowa bayani, amma a kan tambayar kuɗi babu wata manhajar biya da ta fi shi, domin su ma daga can suke ɗebowa. A kan tambayar kimiyya kuwa, wato ko maganin zai yi aiki, rauninsa a fili yake.

An fara shigar da kamfanoni cikinsa a 1993, zuwa 1996 ya zama dole ga duk kamfanin Amurka da ke kasuwar hannun jari. Ba a biyan ko sisi, ba a buɗe asusu. Ka rubuta sunan kamfani ko gajeren sunansa na kasuwa, sai jerin takardu ya fito, sabuwa a sama. Nan ne baƙo ke ruɗewa, don takardun ba su da suna sai lamba. 10-K rahoton shekara ne, 10-Q na wata uku-uku, 8-K kuma sanarwar babban al'amari ce da doka ta ce a shigar cikin kwanakin aiki huɗu. Ƙananan kamfanoni suna da kwana 90 bayan ƙarshen shekara kafin su kawo 10-K, kwana 45 kafin 10-Q. Ma'ana, adadin kuɗin da kake gani ya riga ya tsufa da wata ɗaya da rabi ko wata uku, kuma kamfanin bai daina kashewa ba a tsakani.

Kowa yana cewa a karanta sashen haɗurra, wato sashe na 1A na 10-K, wanda SEC ta wajabta tun 2005. Mu ba ma ba da shawarar a fara daga nan. A kamfanonin magani sashen kan kai shafi hamsin ko fiye, kuma lauyoyi ne suka rubuta shi don kare kamfani daga ƙara a kotu. Za ka ga “ba mu taɓa cin riba ba kuma mai yiwuwa ba za mu taɓa ci ba” a kusan kowane ɗaya, na kirki da na banza. A 2020 SEC ta ce idan sashen ya wuce shafi 15 a sa masa taƙaitawa da ba ta wuce shafi biyu ba, abin ya ɗan yi sauƙi. Amfanin sashen na gaskiya yana cikin kwatanci: buɗe na bana da na bara gefe da gefe, ka nemi jimlar da aka ƙara. Inda bara aka ce hukumar kula da magunguna tana iya neman ƙarin gwaji, bana kuma aka ce hukuma ta nuna damuwa kan yadda aka tsara gwajin, ruwa ba ya tsami banza. Abin takaici, EDGAR ba shi da maɓallin da zai yi maka wannan kwatanci. Sai ka sauke takardun biyu ka haɗa su da kanka, kuma a nan ne manhajojin biya suka fi shi.

Fara daga jadawalin shige da ficen kuɗi. Lamba biyu kake nema: jimillar kuɗi da takardun da za a iya mayarwa kuɗi nan take, da abin da aka kashe wajen gudanar da aiki. A ɗauka misali kamfani yana da dala miliyan 60, yana kashe miliyan 15 duk wata uku. Shekara ɗaya ta rage masa. Idan sakamakon gwajinsa sai nan da wata goma sha takwas, to ba shakka zai nemi kuɗi kafin sakamako, kuma zai nema ne a lokacin da ba shi da ƙarfin ciniki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne raba kuɗin da abin da aka kashe bara. Kamfanin da zai tashi daga gwajin mutum ɗari zuwa na mutum dubu, kashe-kashensa ninkawa za su yi. Kuma a lura, a 10-Q jadawalin tarawa yake yi daga farkon shekara, don haka lambar da ke rahoton wata tara ta wata tara ce gaba ɗaya, sai ka cire ta wata shida kafin ka san ta zangon ƙarshe.

Akwatin binciken cikin rubutu, wanda ke komawa har 2001, shi ne kayan aiki mafi daraja a shafin. Rubuta “substantial doubt” tare da sunan kamfanin. Waɗannan su ne kalmomin da ƙa'idar lissafi ta tilasta a rubuta idan akwai shakka mai ƙarfi cewa kamfani zai iya biyan bukatunsa na shekara ɗaya mai zuwa. Rubuta “clinical hold” ka ga ko FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta taɓa dakatar da gwajinsa.

Daga ina kuɗin zai fito? Banki ba ya son bai wa marar ciniki rance, don haka sai a buga sababbin hannayen jari a sayar. A nan ne mai ƙaramin jari ke shan kashi ba tare da ya ji ƙarar bulala ba. Idan hannayen jari miliyan 40 ne kana da 40,000, aka sayar da sababbi miliyan 20, naka ba su ragu ba amma kasonka ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku. EDGAR yana nuna wannan sarai ga wanda ya san inda zai duba. Shafin farko na kowane 10-K da 10-Q yana ɗauke da adadin hannayen jarin da ke hannun mutane. Jera na shekara uku ka ga yadda suke hayayyafa. Takardar S-3 izini ne da kamfani ke ajiyewa don ya sayar duk ranar da ya ga dama, 424B5 kuma ita ce shaidar cewa ranar ta zo. A cikinta za ka ga farashin da aka sayar, wanda yawanci yake ƙasa da na kasuwa, da ko an haɗa wa masu saye waranti, wato damar sayen ƙarin hannun jari nan gaba a kan farashin da aka tsayar. Warantin ba ya cikin adadin shafin farko, yana can cikin bayanan ƙasan lissafi, kuma a wasu kamfanoni ya kusan kai yawan hannayen jarin kansu. Akwai kuma sayarwa ta kaɗan-kaɗan a kasuwa kullum ta hannun dillali, wadda ba a sanar da ita ranar da aka yi, sai rahoton wata uku ya fito.

Ga ƙanana ƙwarai akwai tarko na musamman. Idan darajar hannayen jarin da ke hannun jama'a ba ta kai dala miliyan 75 ba, kamfani ba zai sayar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan daraja ta hanyar S-3 cikin wata 12 ba. Farashi ya faɗi, ƙofar kuɗi ta ƙara tsukewa, sai a koma ga masu ba da kuɗi da sharuɗɗa masu tsauri. Kasuwar Nasdaq kuma tana bukatar farashi ya tsaya a kan dala 1 ko sama. Ya yi kwanakin aiki 30 a jere a ƙasa, sai a aiko da gargaɗi, a ba shi kwana 180 ya gyara. Gargaɗin yana fitowa a 8-K ƙarƙashin sashe na 3.01. Maganin da aka saba shi ne a dunƙule hannayen jari, goma ko ashirin su koma ɗaya. Farashi ya tashi a ido, darajar abin da kake da shi ba ta motsa ba, kuma sau da yawa sabon sayarwa ke biyo baya. Tsugune ba ta ƙare ba.

Inda rumbun ya gaza shi ne abin da ke tsakanin kamfani da FDA. Abin da kamfani ya zaɓi faɗa kawai kake gani. A 2012 ma'aikatan FDA sun ba kamfanin Aveo shawarar ya sake wani gwaji na maganinsa na sankarar ƙoda, kamfanin bai bayyana wannan shawara ga masu jari ba, ya tara kuɗi a farkon 2013, daga baya hukumar ta ƙi maganin. A 2016 ya biya SEC dala miliyan 4 don a kashe maganar. Maganin dai ya samu amincewa a 2021, amma shekara takwas ba ƙaramin jira ba ne. Na Clovis Oncology ya fi muni. Kamfanin yana ta cewa maganinsa na sankarar huhu yana aiki a kashi 60 cikin ɗari na majinyata, ya tara kusan dala miliyan 298 a watan Yulin 2015, a Nuwamba aka bayyana cewa adadin da aka tabbatar a kashi 28 yake, farashi ya zube da kusan kashi 70. Tarar dala miliyan 20 ta biyo baya a 2018. Duk wanda ya karanta takardun EDGAR kalma da kalma a wancan lokaci ba zai ga lambar gaskiya ba. A 2025 FDA ta fara wallafa wasiƙun da take aika wa kamfanoni idan ta ƙi magani, wannan ya rage duhu, amma a shafinta suke, ba a EDGAR ba.

Saboda haka dole a haɗa shi da ClinicalTrials.gov, rajistar gwaje-gwajen da gwamnatin Amurka ta buɗe a 2000. Ɗauki lambar gwajin, wadda ke farawa da NCT, ka buɗe tarihin canje-canjen shafinsa. Abu uku za ka duba: ko an canja babban ma'aunin nasara bayan an fara gwaji, ko an rage yawan majinyatan da ake nema, da sau nawa aka ɗaga ranar kammalawa. Kamfanin da ya ɗaga rana sau uku mai yiwuwa yana fama da ƙarancin masu shiga gwaji, kuma kowane wata na jinkiri kuɗi ne daga waccan dala miliyan 60. Duba kuma ko akwai rukunin kwatanci. Gwajin mutum ashirin da babu wanda aka ba wani magani daban ko ƙwayar da ba komai a cikinta ba ya tabbatar da abin da sanarwa ke ikirari, ko da an cika ta da kalmar “mai ƙarfafa gwiwa”.

Yana da kyau mai karatu ya riƙe wasu lambobi a ka kafin ya buɗe ko wanne daga cikin shafukan biyu, don babu wanda zai tuna masa. Binciken da BIO, ƙungiyar kamfanonin fasahar ƙirƙiro magani, ta fitar a 2021, wanda ya duba shekarun 2011 zuwa 2020, ya nuna kashi 7.9 cikin ɗari ne kawai na magungunan da suka shiga matakin farko na gwaji ke samun amincewa, kuma tafiyar kan ɗauki kusan shekara goma da rabi. Mataki na biyu ne makabarta: ƙasa da kashi 30 ke tsallake shi. Takardar mallakar fasaha kuwa shekara 20 take yi daga ranar da aka nema, tana ƙonewa tun ana cikin gwaji. Sashen farko na 10-K yana jera shekarun da kowace za ta ƙare. Nemi wadda ta shafi sinadarin maganin kansa, ita ce mai ƙarfi. Ta hanyar amfani ko ta yadda ake haɗawa ta fi sauƙin kaucewa ga abokan hamayya. In daga jami'a ko wani babban kamfani aka karɓo maganin, yarjejeniyar tana cikin takardun da ake liƙa wa rahoton, rataye mai lamba 10, sai dai za ka tarar an shafe adadin kason da za a riƙa biya. Tun 2019 kamfani na iya shafewa ba tare da ya nemi izini tukuna ba.

Ko amincewar FDA ba ta nufin an tsira. Kamfanin Achaogen ya samu amincewa da sabon maganinsa na kashe ƙwayoyin cuta a watan Yunin 2018, cinikinsa na shekarar bai kai dala miliyan ɗaya ba, a watan Afrilun 2019 ya shigar da takardar fatara. Asibitoci ajiye irin wannan magani suke yi don ranar da sauran suka gaza, ga kuma albashin 'yan talla da kuɗin ƙera magani suna ci gaba. A wannan karon EDGAR ya yi aikinsa: rahotannin wata uku-uku sun nuna ciniki a ƙasa, kashewa a sama, watanni kafin rugujewar.

Takarda mai lamba 4, wadda shugabannin kamfani ke shigarwa cikin kwanakin aiki biyu idan sun saya ko sun sayar da hannun jarin kamfaninsu, ana yawan yi mata mummunar fahimta. Harafin P yana nufin mutum ya zaro kuɗinsa ya saya a kasuwa, A kuma kyauta ce kamfani ya ba shi a matsayin lada, wadda ba ta nuna komai game da imaninsa da maganin. Sayarwa ma sau da yawa tana bin tsarin da aka shirya tun watanni baya, kuma tun 2023 akwai akwati a takardar da ke nuna haka. Kamfanonin waje da ke kasuwar Amurka, irin na Isra'ila ko Ostireliya, da yawansu 20-F da 6-K suke shigarwa, kuma SEC ba ta tilasta musu rahoton wata uku-uku. A wajensu lissafin kwanakin da suka rage yana iya dogara da lambar da ta kwana wata shida, don haka sai ka cire abin da kake zaton sun kashe tun daga ranar da ke saman jadawalin kafin ka raba.